Eskoriyal, fadar sarkin da ke ce wa mutane su natsu

Madrid, babban birnin Sifaniya, gari ne mai surutu. Ka shiga shagon kofi da safe, mutum biyar na magana lokaci guda kuma kowa na jin kowa, injin kofi na huci, faranti na ƙara, mai shago na ƙwala wa yaronsa kira daga wancan gefe. Da dare ma ba a san shiga gida da wuri ba. Ƙarfe goma ake zaman cin abinci, yara ƙanana na guje-guje a dandali har kusan sha biyu. Ɗan yayata da ke karatu a can, wanda na sauka a ɗakinsa a unguwar Lavapiés, ya ga yadda nake juyi a kan katifa ina tsaki, sai ya yi dariya ya ce, "Kawu, mutanen nan suna da wata fuskar ta daban. In kana son ganinta, sai mu je Eskoriyal." Ya ce a guji Litinin, ranar a rufe wurin yake.

Jirgin ƙasa muka shiga daga tashar Atocha, tafiyar kamar awa guda zuwa arewa maso yamma, wajen duwatsun Guadarrama. A cikin jirgin ne ya fara koya mini kalmar da ta zama abin hirarmu ranar, wato sosiego. Ya ce natsuwa ce, amma irin wadda ke zuwa bayan tashin hankali: teku bayan guguwa, zuciya bayan fushi, gari bayan tarzoma. Asalinta daga kalmar Latin ce mai nufin zama, shi ya sa take ɗauke da hoton abin da ya gama kai-kawo ya samu wuri ya zauna. In an ce mutum sosegado ne, ana nufin ba ya gaggawar magana, ba ya gaggawar tafiya, ba a ganin fargaba a tare da shi. Kishiyarta desasosiego, wato rashin sukunin da ke hana mutum barci ba tare da ya san takamaiman abin da ke damunsa ba. Ya ƙara da cewa a kan titi ba kasafai za ka ji ta ba. Direban tasi ko mai sayar da kifi tranquilo zai ce maka. Ita sosiego ta fi zama a bakin tsofaffi, da marubuta, da 'yan siyasa in rikici ya yi zafi a majalisa, nan za ka ji wani ya miƙe yana kira da a tattauna con sosiego. Na ce galibi wanda ke kan kujera ne mai irin wannan kiran ko? Ya ce, "Kawu, ka riga ka gane labarin kafin mu isa."

Tashar jirgin a gindin tudu take, fadar kuma tana sama, don haka sai da muka yi hawa na kusan rabin awa ta cikin wani lambu mai dogayen itatuwa. Wurin ya kai mita 1,000 bisa teku, iskar kuma siririya ce mai ratsa riga. Mutanen Madrid suna da karin magana a kan iskar da ke saukowa daga waɗannan duwatsu: ba ta kashe fitila, amma tana kashe mutum. Na ja hulata na rufe kunne.

Ginin bai yi mini maraba ba, gaskiya. Katanga ce ta dutse mai ruwan toka, tsawonta mita 207, faɗinta 161, tagogi a jere sahu-sahu duk girmansu ɗaya, hasumiya a kowace kusurwa, babu ado, babu fenti, babu abin da zai ja ido ya huta. Filin da ke gabansa an shimfiɗe shi da dutse, babu ko bishiya ɗaya. Wata tawagar 'yan makaranta da suka sauko daga mota suna ihu, da suka shigo filin sai muryoyinsu suka ragu da kansu, malamarsu ba ta ce musu komai ba. Sarki Filib na Biyu ne ya sa aka gina shi, an fara a 1563 aka gama a 1584. Magini na farko, Juan Bautista de Toledo, ya rasu aikin bai yi nisa ba, Juan de Herrera ya ƙarasa. Dalilin ginin shi ne nasarar da sojojin Filib suka samu a kan Faransa a garin San Kintin da ke arewacin Faransa ranar 10 ga Agusta 1557, ranar da Kiristoci ke tunawa da waliyyinsu Lorenzo, wanda aka ruwaito cewa a kan ƙarfen gashi aka kashe shi. Shi ya sa ake cewa fasalin ginin, in an dube shi daga sama, ƙarfen gashi ne. A ciki aka haɗa fada, da coci, da gidan 'yan zuhudu, da makaranta, da ɗakin littattafai, da makabartar sarakuna, duk a ƙarƙashin rufi ɗaya. A farfajiyar farko akwai mutum-mutumi shida na sarakunan Bani Isra'ila a saman ƙofar coci, na tsakiya su ne Dauda da Sulaimanu. Ba sai an faɗa maka da wa mai ginin ke kwatanta kansa ba: uba mayaƙi, ɗa magini. Ubansa, Sarki Karlos na Biyar, a kan doki ya ƙare mulkinsa yana yaƙi daga wannan ƙasa zuwa waccan.

Filib shi bai son doki. Takarda yake so. Ya yi mulkin Sifaniya daga 1556 zuwa 1598, kuma a hannunsa akwai Holan da Beljiyam na yau, da Milan, da Naples, da Sisili, da Meziko, da Peru, da tsibiran Filifin waɗanda sunansa aka sa musu, sannan daga 1580 aka ƙara masa Fotugal da duk abin da ta mallaka a gaɓar Afirka da Indiya da Brazil. Duk wannan daga teburi yake juya shi. Jakadun ƙasashe da manyan kwamandoji, mutanen da suka saba da ƙarar igwa, in aka shigar da su gabansa sai su tarar da wani mutum matsakaici sanye da baƙaƙen kaya yana tsaye jikin teburi, yana kallonsu ba ya ƙiftawa. Da yawa sai magana ta sarƙe musu. A nan ne yake furta kalmar da aka san shi da ita, da murya ƙasa-ƙasa: sosegaos. Ku natsu. Ɗan yayata ya kwaikwaya mini a wani lungu, ya haɗe rai, ya sassauta murya, har wani mai gadi ya juyo yana murmushi.

Abin da ya faɗo mini a rai nan take shi ne fadodinmu. Duk wanda ya taɓa faɗuwa gaisuwa gaban sarki a Kano ko Zazzau ko Damagaram ya san cewa sarki ba ya ɗaga murya, ba ya waiwaye, ba ya sauri. Amawali ya rufe baki, dogarai su ke amsa gaisuwa, in ya tashi tafiya ana ce masa takawa sannu. Kai da ka zo da buƙata kai ne zuciyarka ke bugawa. Manyan Sifaniya na wancan zamani haka suka ɗauki sosiego, alamar asali ce: bawa ne ke gudu, ɗan kasuwa ne ke rantse-rantse, ɗan babban gida kuwa ko gobara ta tashi a gemunsa ba zai nuna ba. Baƙaƙen kayan nan da tafiyar ƙasaita har fadodin Italiya sai da suka kwaikwaya.

Mu mukan ce labarin zuciya a tambayi fuska, to ban da fuskar Filib. Masu tarihi sun ruwaito cewa yana cikin coci aka kawo masa albishir ɗin nasarar Lepanto ta 1571, inda jiragen ruwan Kiristoci suka karya na Daular Usmaniyya, bai motsa ba sai da aka idar da ibada. A 1588 ya tura jirage kusan 130 su ci Ingila, suka dawo a tarwatse, dubban mutane sun halaka, fadawa suka zuba ido su ga abin da zai yi, ba su ga komai a fuskarsa ba. A Janairun 1568 shi da kansa ya jagoranci fadawa cikin dare zuwa ɗakin ɗansa kuma magajinsa, Don Karlos, ya sa aka kulle shi. Yaron ya mutu a kulle bayan wata shida.

Ɗakin kwanan Filib shi ya fi tsaya mini a rai. Bayan doguwar tafiya cikin zaurukan da aka lulluɓe da zanen yaƙe-yaƙe, sai ka faɗo wani ɗan ɗaki mai farar katanga, an jera tayil shuɗi da fari daga ƙasa zuwa ƙugu, daɓen jan bulo, gado ɗan ƙarami mai labule a cikin loko. An ajiye gadon yadda in ya kwanta, ta wannan ƙofa yana hango bagadin coci, ta taga kuma yana hango lambu da fili har iyakar gani. Kusa da shi ɗan ɗakin aikinsa. A nan yake kai dare yana karanta wasiƙu, yana rubutu a gefensu da hannunsa, har kuskuren rubutun magatakarda yake gyarawa. Babu abin da ya yi masa ƙanƙanta: naɗin gwamnan Peru da rabon ɗakuna ga 'yan zuhudu duk sai sun bi ta gabansa. Abin da ya biyo baya ba ɓoyayye ba ne. Wasiƙa ta yi watanni a teku, ta zo ta yi wasu watannin a kan teburi, amsa ta koma ta tarar al'amarin ya riga ya canza. Gwamnoninsa na nesa har ba'a suke yi, wai da daga Sifaniya ake aiko da mutuwa, da sun yi tsawon rai. Sannu ba ta hana zuwa, haka ne, amma sojan da ke Holan shekara biyu ba albashi ba zai yarda da wannan karin maganar ba. A 1576 irin waɗannan sojoji suka yi bore suka wawashe birnin Antwerp, suka kashe dubbai.

An kuma ajiye kujerar da aka ɗauko shi a kanta daga Madrid a bazarar 1598, lokacin da ciwon gaɓɓai ya hana shi jure girgizar keken doki. Kujera ce ta katako da fata, marar kyan gani, da sanduna na masu ɗauka. Tazarar da jirgi ya kawo mu cikin awa guda, shi kusan mako ya yi. Ya kwanta a gadon nan sama da kwana hamsin, jiki duk gyambo, ba a iya ko juya shi a canza shimfiɗa, kuma waɗanda suka yi jinyarsa sun shaida bai yi raki ba. Ya cika ranar 13 ga Satumba 1598. A nan kam na sara masa. Natsuwar da mutum ya riƙe a gadon mutuwa ba ta nuna wa jakadu ba ce.

Sai dai ina tsaye a ɗakin ina tuna wata takarda da ta fita da sa hannunsa. Ranar 1 ga Janairu 1567 aka yi shela a Garnaɗa, a kudancin Sifaniya, ga jikokin Musulmin Andalus, waɗanda aka riga aka tilasta wa shiga Kiristanci: an ba su shekara uku su koyi harshen Kastila, wato Sifaniyanci, daga nan ba magana da Larabci, ba rubutu da shi, ba sunayensu na gado, ba tufafinsu, ba gidajen wankansu, kuma ranar Juma'a a bar ƙofofin gidaje a buɗe don a ga abin da ake yi a ciki. Dattawansu suka kai kuka, ba a saurare su ba. A ƙarshen 1568 mutanen duwatsun Alpujarras suka yi tawaye, yaƙi ya ci har 1571, a lokacin yaƙin da bayansa aka kwashe mutum wajen 80,000 aka warwatsa su cikin garuruwan Kastila a ƙafa, cikin sanyi, da yawa suka mutu a hanya. Ɗan sarkin, Filib na Uku, ya ƙarasa aikin, ya kore su daga ƙasar gaba ɗaya tsakanin 1609 da 1614. A shekarun da ake wancan yaƙi, a nan ana ta jera dutse a kan dutse. Na gaya wa ɗan yayata cewa mai cewa a natsu ya kamata a fara tambayarsa wa ya tayar da hankalin. Ya ce, "Kawu, a hankali, akwai masu jin Hausa a ko'ina yanzu." Muka yi dariya muka wuce.

Makabartar sarakunan tana ƙarƙashin bagadin coci daidai. Ana sauka ta wani matsattsen tsani na marmara zuwa ɗaki mai kusurwa takwas, duk baƙin marmara da ruwan zinariya, akwatuna 26 a jere hawa-hawa, sarakuna a gefe guda, matan da suka haifi sarakuna a ɗaya gefen. Jikan Filib ne ya kammala ta a 1654, kuma adonta ya nuna ba ɗanɗanon kakan ba ne. A gefen tsanin akwai wata ƙofa da ba a buɗe wa baƙi. Bayanta ake ajiye gawar sarki shekara ashirin da wani abu, sai ta zama ƙashi kafin a sa ta a akwatin, don akwatunan ƙanana ne. Sunan ɗakin a harshensu ba shi da kara ko kaɗan: wurin ruɓewa. Ban daɗe a ƙasan ba.

Ɗakin littattafai kuwa ban so fita ba. Zaure ne mai tsawon mita 54, rufinsa a lanƙwashe, wani mai zane ɗan Italiya, Tibaldi, ya cika shi da hotunan fannonin ilimi bakwai: nahawu, balaga, manɗiƙi, lissafi, kiɗa, handasa da ilimin taurari. Duk wanda ya yi karatun zaure zai gane rabinsu tun kafin a fassara masa. Kantocin katako ne masu kyau a jikin bango, kuma littattafan an juya su, ƙeyarsu na ciki, bakin takardun da aka shafa wa ruwan zinariya na waje, don haka in rana ta shigo bangon gaba ɗaya sai ya yi ja-ja-ja. A tsakiya akwai teburan marmara da ƙwallayen taswirar duniya da na sama. A jikin bango ga hoton Filib da tsufa, cikin baƙaƙen kayan nan, fuska fari fat, ido a kanka.

Abin da ya kawo ni da gaske ba ya kan waɗannan kantoci, yana ajiye a ciki: littattafan Larabci na rubutun hannu, kusan dubu biyu, na tafsiri da fiƙihu da likitanci da nahawu da waƙa. Yadda suka zo nan labari ne da ya taɓo yankinmu. A 1591 Sarkin Maroko Ahmad al-Mansur ya tura runduna ta ƙetare Sahara da bindigogi ta karya Daular Songhai a Tondibi. Jagoran rundunar, Judar Pasha, haifaffen Sifaniya ne da aka kama tun yana yaro. Bayan haka aka kama malaman Tumbuktu, cikinsu har da Ahmad Baba, aka kai shi Marakish a 1594 cikin sarƙa, aka wawashe littattafansa. Shi da bakinsa ya ce guda 1,600 ne, kuma nasa ne mafi ƙaranci a danginsu. Sai bayan rasuwar al-Mansur ɗansa Maulaya Zaidan ya sallame shi, ya koma gida a 1608. Shekara huɗu bayan nan, a 1612, tawaye ya kori Zaidan daga Marakish. Ya gudu bakin teku, ya yi hayar jirgin wani Bafaranshe ya ɗora masa dukiyarsa da littattafan gidansu wajen dubu huɗu, daga Safi zuwa Agadir. Kuɗin haya ya makara, mai jirgi ya ɗaga ya nufi Faransa da kayan, jiragen yaƙin Sifaniya suka tare shi a hanya. A 1614 littattafan suka shigo Eskoriyal. Gidan da ya kwashe na Ahmad Baba, ga nasa an kwashe, kuma suka ƙare a fadar mutumin da ya haramta Larabci a ƙasarsa.

Gobarar 1671 ta cinye kusan rabinsu. Ragowar kuwa, wani malamin Kirista ɗan Labanan, Mika'ilu al-Gaziri, wanda Turawa ke kira Casiri, ya zauna ya tsara sunayensu cikin manyan kundaye biyu da aka buga a 1760 da 1770, kuma daga aikinsa ne malaman Turai da yawa suka fara sanin girman abin da Andalus ta rubuta.

Mun fito wajen ƙarfe uku, yunwa ta ci mu. Garin ya yi tsit, shaguna sun sauke ƙofofi sai biyar, amma gidajen abinci a cike. Muka samu wuri a wani ɗan dandali bayan titin Floridablanca. Ɗan yayata ya yi wa mai kawo abinci bayanin cewa ba ma cin alade, ko man sa, ko romonsa, mutumin ya ɗaga hannu ya ce tranquilo, ya kawo mana wainar ƙwai da dankali mai kauri, da gasasshen kifi, da burodi. A teburin kusa da mu wasu tsofaffi huɗu sun gama cin abinci tun kafin mu zauna, muka gama muka biya suna nan, kofin kofi ɗaya-ɗaya a gabansu, ana musu a kan ƙwallo da ƙarfi kamar za a doku, babu mai duba agogo, mai gidan abincin ma bai kawo musu takardar kuɗi ba. Wannan zaman bayan cin abinci suna da suna na musamman gare shi, sobremesa, kuma tashi da wuri daga cikinsa rashin ladabi ne. Na tambayi ɗan yayata ko wannan ma sosiego ne. Ya ce a'a, da wannan ihun? Ni kuwa na ce in dai ana maganar wanda hankalinsa ke kwance ne, tsofaffin nan sun fi mai fadar.

Ɗan yayata ya so mu ƙarasa wani dutse a cikin dajin Herrería da ake kira Kujerar Filib, inda aka ce sarkin kan zauna yana kallon magina, amma gwiwoyina suka ce sun ƙoshi. A hanyar saukowa tasha ya tambaye ni, "Kawu, su Marokon ba su nemi littattafansu ba?" Sun nema mana. Zaidan da kansa ya nema har ya mutu, ya yi tayin kuɗi masu yawa. A 1690 Maulaya Isma'il ya aiko jakadansa al-Gassani ya nemi fursunoni da littattafai, ya koma da alkawarin fursunoni, littattafai kuwa aka ce masa wuta ta ci. Sarakunan da suka biyo baya su ma sun yi ta aikowa. A 2013 Sifaniya ta miƙa wa ɗakin karatu na ƙasar Maroko hotunan littattafan da aka ɗauka da na'ura. Na asalin suna nan Eskoriyal a hannun 'yan zuhudun ɗariƙar Agustin, waɗanda ke kula da gidan tun 1885.